Tambaya da Amsa: Motar Jan Ƙafa Huɗu da Kwanan Daji a Arewa

Tun da hutun Disamba ya ƙarato, wasiƙun da ke shigo mana daga Kumasi suka karkata wuri guda. Masu manyan motoci na son haurawa arewacin Ghana, su sauka daga kwalta, su kwana a tanti. Mun zaɓi shida. Masu amsawa makanikai ne da direbobin da wannan hanya ce wurin neman abincinsu.

Mu biyar ne a Hilux mai shan dizal. Muna son kwana shida: Mole, Larabanga, mu ƙarasa Wechiau. Wane wata ya fi, kuma mai da ruwa nawa za mu ɗauka? (Wani Alhaji, Aboabo)

Alhaji, daga Disamba zuwa Fabrairu. Ƙasa ta bushe, dare da sanyin hunturu, giwaye kuma na taruwa a tafkunan da ke ƙasan tudun masaukin gandun dajin Mole saboda ruwa ya ƙafe a sauran wurare. Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40, kuma lokacin sanƙarau ke nan a arewa.

Daga Kumasi zuwa ƙofar gandun kilomita 400 ne da 'yan kai, duk kwalta: Techiman, Kintampo, Buipe, a Fufulso ka karya yamma zuwa Damongo da Larabanga. Ka tashi bayan sallar asuba, ka isa kafin la'asar. Tafiyar dare ba ta cikin shawararmu ko kaɗan. Aikin motar na gaske yana cikin gandun, sai kuma ƙarshen hanyar Wechiau, bakin Baƙin Volta, inda ake kallon dorina. A Mole ba a barin kowa ya shiga daji, a ƙafa ko a mota, sai da ma'aikacin gandu mai bindiga.

Tankin Hilux wajen lita 80 ne. Da kaya, a kwalta, ka lissafa lita 12 a kowane kilomita 100. A yashi ko taɓo zai iya kaiwa 17, wato tankin da zai yi maka kilomita 650 ya koma 470. Ka cika a Damongo, ka sake cikawa a Sawla ko Wa, ka riƙe jarka biyu masu lita 20. Man kwalba na gefen titi ka bar shi sai dole, domin ruwa da dattin da ke cikinsa su ne ajalin nozul.

Ruwa lita 10 ga kowane mutum a rana: 5 na sha, 5 na girki da alwala. Na kwana biyu ke nan lita 100. A raba shi a jarkoki biyar, don in ɗaya ta fashe kada a rasa duka.

Ga abin da ba ka tambaya ba, kuma shi ya fi karya mota: nauyi. Ku biyar kilo 375, ruwa 100, mai kusan 40, safaya ta biyu 30, tanti da abinci da kayan aiki 150. Kun doshi kilo 700 tun ba a saka buhun doyar da za a sayo a hanya ba. Duba takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ka ga iyakar abin da motar ke ɗauka. Masu nauyi a ƙasa, kusa da bayan kujera. Kan kariyar saman mota sai katifa da tanti. Jarkar ruwa a saman mota ita ke kifar da ita a kwana.

Na saka 4H tun daga Techiman don motar ta riƙe hanya. Yanzu sandar ta ƙi fita, taya na kuka in na yi kwana. Giyabos ne ya tafi? (Wani matashi, Asawase)

Ɗan'uwa, mai yiwuwa bai tafi ba tukuna, amma ka daina tuƙa ta haka. A Hilux da irinta, da zarar ka saka 4H, wato giyar jan ƙafa huɗu, an ɗaure furofelar gaba da ta baya suna juyawa daidai. A kwana kuwa ƙafafun gaba sun fi na baya cin nisa. A kan burji taya na ɗan zamewa, bambancin ya fita. Kwalta ba ta barin taya ta zame, sai ƙarfin ya taru a cikin haƙoran giya kamar an murɗe igiya, shi ya sa sandar ta ƙage.

Ka sauka kan ƙasa mai tsakuwa, ka miƙe sitiyari, ka ja da baya mita 15 zuwa 20 kana tura sandar a hankali. In ta ƙi, ka datse tayoyin baya da dutse, ka ɗaga ƙafar gaba ɗaya da jak. Za ta fizga da kanta, don haka hannu ya yi nisa da ita. Kada ka doki sandar.

2H na kwalta ne, 4H na burji da yashi, 4L na hawa mai tsauri da taɓo da ruwa. Ba a shiga 4L sai mota ta tsaya cik. In ƙafafun gabanka na da abin murɗawa mai FREE da LOCK, sai ka murɗa duka biyun zuwa LOCK, in ba haka ba fitilar za ta kama a gabanka amma ƙafa biyu kawai ke ja. Prado da manyan Land Cruiser daban suke: kullum da huɗu suke tafiya, su abin da ba a dannawa a kwalta shi ne makullin tsakiya.

Ina bin ƙauyukan arewa sayen kaɗanya da damina. Yaya zan san rafin da zan ratsa da wanda zan haƙura? (Wani direba, Sabon Zango)

Malam, ƙafarka ce ma'auni. Ka sauka da sanda, ka taka inda tayar dama za ta bi, ka dawo ta inda ta hagu za ta bi. In ruwan na gudu kuma ya wuce gwiwa, ko kana jin yana neman ɗauke maka ƙafa, ka haƙura. Mota na fara yin sauƙi da zarar ruwa ya taɓa cikinta, kuma faɗin jikinta ya fi naka tare ruwa. Ka tambayi masu babur na ƙauyen, sun san inda kwalbati ya karye a ƙarƙashi. Ka kuma saurari labarin dam ɗin Bagre na Burkina Faso: idan aka buɗe shi, galibi a Agusta ko Satumba, Farin Volta da rafukansa na cika ko da ɗigo bai sauka inda kake ba.

Kamfani na ba sababbin Hilux zurfin santimita 70, tsofaffi da yawa 50. Abin da ke yanke hukunci shi ne bakin da inji ke shaƙar iska, wanda yawanci yana cikin fiffiken gaba, saman taya. Ka buɗe bonet ka gan shi da idonka. Iska na matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Cikin kofin shayi ya isa ya lanƙwashe sandar fistin a injin dizal. Bututun iskar da ake fiddowa gefen gilashi na kare wannan, amma ba ya kare wayoyi, ba ya hana mota tasowa.

Kafin ka shiga, ka tsaya minti 20. Aksul mai zafi in ya faɗa ruwan sanyi, iskar cikinsa na tsukewa ya zuƙo ruwa ta hancin numfashinsa. Ka ɗaura tamfol a gaban lagireto, domin fanka in ta daki ruwa fukafukanta kan lanƙwasa su yanke lagireton. Ka ɗaura igiyar ja tun kana tudu, ka naɗe ta inda hannu zai kai. Neman ƙugiya a ƙarƙashin ruwan laka wahala ce. Gilasai a sauke. Sai 4L, giya ta biyu, tafiya kamar ta mai saurin ƙafa, ruwan ya yi ɗan tudu a gabanka kana bin sa. Kada ka taka kuloci a tsakiya, ruwa zai shiga tsakani ya fara sulɓi. Da ka fita, ka riƙa taka birki a hankali kana tafiya har ya kama.

In inji ya mutu a ciki, hannunka ya bar makulli. Yawancin injinan da ake kawowa Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, da fasasshen ciki, tayarwa ta biyu ce ta kashe su. A jawo motar, a buɗe akwatin matatar iska. In ta jiƙe, a kwance hita ko nozul duka, a juya injin da sifana har ruwan ya fito, sannan a canza baƙin mai da matata. Ko ba abin da ya faru, da yamma ka kwance notin aksul ka duba. Man da ya koma kamar koko da madara ya sha ruwa, a zubar.

Ruwan kwance na fadama kuma, mai dodon koɗi, shi ke kawo tsargiya. Ka taka da takalmin roba.

Mai faci ya ce iska 45 ce maganin faci a burji. Haka ne? In na kafe kuma fa? (Wani ɗan kasuwa, Alabar)

A'a. Taya mai tauri ba ta lanƙwasawa a kan dutse, sai dutsen ya huda ta, motar kuma ta riƙa tsalle a gargada. Ka sayi ma'auninka da famfon da ake maƙalawa a batir. A kwalta ka bi abin da ke rubuce a ƙofa. A burji 26 zuwa 28, gudu kada ya wuce 80. A yashi mai zurfi 18, gudu ƙasa da 40, ba kwanar gaggawa, don taya na iya sabulewa daga ƙarfenta. Kafin ka hau kwalta ka mayar da iskar, in ba haka ba gefen tayar zai yi zafi ya fashe.

A gargada ka tsaya duk bayan awa guda. Shokozoba na ɗaukar zafi har ya zubar da mai, notuna na kwancewa, maɗaurin batir ya fi kowa saurin saki. Ka leƙa ƙarƙashi ka zare busasshiyar ciyawar da ta naɗe kusa da salansa, da rani ita ke cinna wa mota wuta.

In ka kafe, ɗauke ƙafa daga totur. Kowace juyawa rami take ƙara maka. Rage iska, haƙe gaban tayoyi huɗun da shebur, ɗaga da jak a kan faffaɗan katako, cusa rassa da duwatsu, ka fita da giya ta biyu a 4L. In wata mota za ta ja ka, kada a rataya igiya a dunƙulen ƙarfen jan tirela na baya. Yana tsinkewa ya tashi kamar harsashi, ya sha kashe mutane. A ɗaura a ƙugiyar da ke jikin ƙashin mota, a jefa jiƙaƙƙen buhu a tsakiyar igiyar, 'yan kallo su ja baya fiye da tsawonta.

Maigida ya dage sai mun je da yara uku. Ni macizai da sauro nake tsoro. (Wata Hajiya, Tafo)

Hajiya, tsoronki na kan hanya, kuma da maganinsa. A Mole akwai filin kafa tanti kusa da ofishin gandun, can za ku kwana. A wajen gandu ba a kafa tanti a ƙasar mutane haka kawai. Maigida ya je gaisuwa wurin sarkin ƙauye da ɗan goro, su za su nuna wuri. Ku sauka tun ƙarfe huɗu, a kan tudu, a share ciyawa. Busasshen rafi ba wurin kwana ba ne, haka ma bakin kogin da dorina ke fitowa kiwo da dare.

Tanti mai ƙasa a ɗinke, zif a rufe dare da rana, gidan sauro mai magani a ciki. Bayan magariba ba yaron da zai taka ƙasa ba takalmi rufaffe da tocila. Da safe a zazzage takalma saboda kunama. Itacen girki a ture shi da sanda kafin a ɗauka.

Macijin da ya fi ɓarna a can kububuwa ce, ƙarama, mai launin ƙasa. Dafinta na hana jini daskarewa, kuma wanda ta sara na iya jin garau na sa'o'i kafin jini ya ɓalle ta dasashi. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Tun kuna wucewa Damongo ko Wa ku tsaya ku tambayi inda ake da allurar dafi. Lambar gaggawa 112 ce, amma akwai wuraren da waya ba ta kamawa, don haka wani a gida ya san inda za ku kwana kowane dare.

Abu biyu kuma. Gogon biri a Mole ya iya ƙwace leda a hannun yaro, abinci ya zauna a mota a kulle. Tsando na bin shuɗi da baƙi, a sa wa yara tufafi masu haske. Kurfoti kuwa, duk sanyin hunturu, ba ya shiga tanti: iskar gubar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, a barci take kashewa. Wanda ya yi zazzaɓi bayan an dawo, a gwada jininsa a ranar.

Ƙanena da ke karatu a Ostireliya ya gayyace ni bin hanyar Gibb River a hutun Disamba. Shirinmu na nan zai yi? (Wani malamin makaranta, Asokore Mampong)

Malam, shirin motar ɗaya ne, watan ne bai yi ba. Hanyar tana yankin Kimberley, arewa maso yammacin ƙasar, kusan kilomita 660 daga Derby zuwa wajen Kununurra. Disamba damina ce a can, koguna na cika, hukuma na rufe hanyar. Lokacinta Mayu zuwa Satumba. Tuƙi a hagu ake yi, gidajen mai na da nisa da juna sosai, waya ba ta kamawa a mafi yawanta, shi ya sa ake hayar ta tauraron ɗan'adam. Shawarar da muka ba direban kaɗanya ta taka rafi da ƙafa kuma ba ta aiki a mashigin kogin Pentecost, saboda manyan kadoji na ruwan gishiri. A can ana tsayawa nesa da gaɓa ne, a jira wata mota ta ratsa a ga inda ruwan ya kai mata.