Hukuncin Bai Wa Matasan Unguwa Rushe Gida Su Kwashe Rodi A Matsayin Lada

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gaji tsohon bene a cikin birnin Kano, katangarmu ɗaya da maƙwabci, kuma ya fara tsagewa. Ɗan kwangila ya yanka mini kuɗi masu yawa, sai matasan unguwa suka ce za su rushe ba tare da na biya ko sisi ba, in bar musu rodi da kwano da ƙofofi. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Wannan cinikin bai inganta ba yadda ka siffanta shi. Sharaɗin ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, shi ne a san ladan aiki tun kafin a ɗaga guduma. Kwano da ƙofofi ana ganinsu, ana iya ƙiyasta su, amma rodin da ke binne cikin kankare babu wanda ya san yawansa ko tsatsa ta cinye shi. Wannan garari ne, wato ƙulla ciniki a kan abin da ba a san haƙiƙaninsa ba. Gyaransa mai sauƙi ne: a yanka lada sananne, in an gama a sayar musu da ƙarafan bisa awo.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda zai yi aikin. A Suratul Ƙasas, aya ta 26, an siffanta mafi alherin ɗan ƙwadago da ƙarfi da amana. Ƙarfi a rusau ba damtse ba ne kawai, sanin aiki ne: a fara daga sama, a tokare katangar maƙwabci, a cire wayar wuta, a tare lungu kada yara su gitta. Wanda ladansa rodi ne kuwa, idonsa na kan ginshiƙi, don nan ƙarfen yake. Zai fasa shi alhali rufin yana bisa kansa.

Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa, Imam Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa wanda ya yi aikin likita ba a san shi da likitanci ba, shi ne da lamuni. Malamai sun ƙiyasta sauran sana'o'i a kansa. Don haka in katanga ta faɗa wa maƙwabci, mai rusau zai biya ɓarna, kai ma da ka ɗauko shi kana sane ba ka kuɓuta ba, alƙali zai duba sakacinka. In aka rasa rai, maganar diyya da kaffara ce ta shigo.

Kada kuma tsadar ta sa ka zauna. Shaihu Khalil ya ambata a Mukhtasar cewa bangon da ya karkata, aka gargaɗi mai shi, yana da halin gyarawa ya ƙi, in ya faɗi shi zai biya.

Nemi wanda aka ga aikinsa a gari, ka je da ƙafarka ka tambayi waɗanda ya yi wa. Injiniya ya duba tsagewar, ka sanar da KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, ku rubuta yarjejeniya gaban shaidu har da wanda zai kwashe ɓaraguzai. Matasan nan ɗan kwangilar na iya ɗaukarsu lebura a ƙarƙashinsa. Maƙwabcinka kuma ka shiga gidansa ka gaya masa ranar farawa, ya janye iyalinsa daga ɗakin da ke jikin katangar.

Allah ne mafi sani.