Bidiyon man shammar da ke yawo a WhatsApp

Tambaya: Malam, an turo mini bidiyo a rukunin matan unguwarmu, wani likita Bature yana Hausa yana cewa man shammar na warkar da ciwon suga da rashin haihuwa, har ana ɗiga wa jariri mai kumburin ciki. Kwalba jaka biyu, a tura kuɗi ta waya. Ta yaya zan gane gaskiyarsa? Daga wata mai karatu, unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Hajiya, kada ki tura ko dala tukuna. Duba saman saƙon. In kin ga kibiya biyu da rubutun "Transféré de nombreuses fois", saƙon ya bi hannu biyar ko fiye kafin ya iso ki, wadda ta turo miki ma ba ta san mafarinsa ba.

Sai ki tsayar da bidiyon inda fuskar likitan ta fito sosai, ki ɗauki hoton allon wayar, ki saka shi a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet. Sau da yawa za ki tarar mutumin yana wani tsohon bidiyo yana zancen da bai shafi shammar ba, murya kawai aka ɗora masa da manhajar kwaikwayon murya. Ki kalli leɓɓansa wajen "b" da "m": in baki bai rufe ba, haɗi ne. Bature mai Hausar da ko numfashi ba ya ja, ni dai ban yarda da shi ba.

Shi man kansa ba ƙarya ba ne. Nemi Foeniculum vulgare, sunan shammar na kimiyya, a jikin kwalbar. An daɗe ana shan ƴaƴan shammar don kumburin ciki da iska da tarin mura, kuma ƙamshin nan mai zaƙi daga sinadarin anetol yake. Amma tataccen mai ya fi shayin ƴaƴan ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma yana da sinadarin estragol, wanda ya haddasa ciwon dajin hanta a gwajin ɓeraye. Shi ya sa hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ba ta ba mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara shawarar sha ba. Jariri kam, a kai shi asibiti.

Mai ciwon suga kada ya ajiye maganinsa saboda bidiyo. Lambar mai tallar kuwa, shiga bayananta ki danna "Signaler", sannan ki toshe ta.