Asiri, Zaure da Rantsuwa: Tambayoyi Kan Ƙungiyar Hongmen

Tambaya: Wani ɗalibin tarihi daga Zariya yana son sanin ko daidai ne a kira Hongmen, tsohuwar ƙungiyar Sinawa mazauna ƙetare, da sunan "ƙungiyar asiri".

Amsa: Daidai ne a ƙamus, amma a kunnen mai sauraro akwai gyara. Daga Larabci muka aro "asiri", kuma tushen ma'anarta shi ne abin da aka ɓoye, shi ya sa muke roƙon Allah Ya rufa mana asiri. Sai dai asirin boka ya danne wannan ma'ana, har ta kai da zarar an ce "ƙungiyar asiri" hankalin jama'a yakan tafi ga matsafa. Masu fassara cikin gaggawa suna da hannu a wannan ɓarna, domin kowace ƙungiya da ta rufe ƙofarta suna ɗaya suke liƙa mata, ba tare da sun tambayi abin da ya sa ta rufe ba.

Hongmen ta samo asali ne daga Tiandihui, wato Ƙungiyar Sama da Ƙasa, wadda ta ɓulla a lardin Fujian na ƙasar Sin wajen 1761 a tsakanin 'yan ci-rani da ƙananan 'yan kasuwa, kuma hukumar daular Qing, mai mulkin Sin a lokacin, ce ta haramta ta, abin da ya tilasta mata ɓuya. Da aka gano zinariya a Kalifoniya a 1848, sai ta bi ma'aikata zuwa can, ta kuma isa Barkerville ta Kanada a 1863. Sa'ad da Amurka ta kafa dokar hana ma'aikatan Sin shiga ƙasarta a 1882, ƙungiyar na cikin masu sama wa baƙo masauki da aiki, su yi jinyarsa, idan ya mutu kuma a mayar da ƙasusuwansa mahaifarsa. Sun Yat-sen, jagoran 'yan juyin juya halin Sin, ya shige ta a birnin Honolulu na Hawaii a 1904, kuma rassanta sun tara kuɗin da ya taimaki juyin juya halin 1911 da ya kifar da daular Qing. Gaskiya ne wasu ƙungiyoyin da suka yi koyi da ita sun faɗa harkar caca da kayan maye, amma wannan bai isa a kira kowa ɗan daba ba. Ni dai "ƙungiyar 'yan'uwantaka ta sirri" zan rubuta.

Tambaya: Mene ne "tong" da ke cikin sunan reshenta, Chee Kung Tong?

Amsa: Zaure ne, wurin da ake taruwa.

Tambaya: Wata malamar makaranta daga Maraɗi ta nemi karin maganar da ta dace da rantsuwar 'yan Hongmen.

Amsa: "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Sabon shiga yakan ɗauki rantsuwa 36, a yanka zakara, a kurɓi giyar da aka ɗiga wa jini, kuma kan gaba a sharuɗɗan akwai riƙe sirrin 'yan'uwa da ɗaukar iyayen ɗan ƙungiya kamar nasa. Kada a ce "alkawari" a nan, domin alkawari tsakanin mutum da mutum ne, ita kuwa rantsuwa tana kiran shaidar abin da ake tsoro, kuma su da Sama da Ƙasa suke kafa shaida.

Tambaya: Ko "ɗan'uwa rabin jiki" ta hau kansu, alhali ba jini ɗaya ba ne?

Amsa: Ta hau. Bahaushe bai taɓa taƙaita "ɗan'uwa" ga 'yan ɗaki ɗaya ba.