Ko karan muskuwari zai iya zama man mota?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko karan muskuwari, wato dawar rani, da na auduga da ake bari a gonakin Marwa da Garwa a arewacin Kamaru za su iya zama itanol, wato barasar da ake amfani da ita a matsayin man mota. Za su iya, amma aikin ba sauƙi.

Sukarin da ke cikin kara iri biyu ne manya: gulukos da zailos. Ƙwayar bakteriya mai suna Zymomonas mobilis gwana ce wajen mayar da gulukos itanol, sai dai ba ta taɓa zailos ko kaɗan. A 1995 masu bincike a Amurka suka dasa mata ƙwayoyin halitta na gado daga wata bakteriya mai suna E. coli, ta fara cinsa. Ita kuwa E. coli tana cin duka biyun, amma sai ta cika tukunya da asid iri-iri, har da irin wanda ke sa nono tsami. Shi ya sa Lonnie Ingram na Jami'ar Fulorida ya ɗauko mata hanyar yin itanol daga Zymomonas.

Inda gizo ke saƙar shi ne abubuwan da ke fitowa a gefe. In an dafa kara da asid don sukarin ya saku, wani sinadari mai suna furfural da asid ɗin binega suna fita, suna raunana bakteriyar. Zymomonas ɗin da aka gyara ma takan fitar da wani sinadari mai suna zailitol, wanda ke rage mata saurin girma. Ga shi kuma sai sun gama da gulukos suke waiwayar zailos sosai.

A ganina, a nan Arewa karan dawa abincin shanu ne lokacin rani, kada mu raba makiyaya da shi. Karan auduga ya fi dacewa a fara gwaji da shi.