Masu sayen gidaje sun dawo Damagaram: in sayar ko in jira?

Tambaya: Malam, ina da gidan siminti mai ɗaki huɗu a Care Zamna. Lokacin da aka rufe iyaka na sa shi kasuwa, ko tayi ban samu ba. Yanzu dillalai sun hana ni sakat, har wani Alhaji ya taya sefa miliyan 14. Ƙanena ya ce in dakata, kuɗin zai ƙara hawa. Yaya kake gani?

Amsa: Ɗan'uwa, sai mu fara da abin da ya kashe kasuwar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba mana takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta, cire kuɗi a banki ma ya zama aiki. Damagaram kuwa kasuwancinta da Kano yake, ta Matameye da Magarya, kuma ɗan kasuwar da kayansa suka maƙale ba ya tunanin gida. Da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, hannu ya fara sakewa. To, yawancin motsin da kake gani masu saye ne suka dawo bakin kasuwa. Wannan dabam ne da a ce farashi zai yi ta hawa ba tsayawa.

Daminar 2024 ta taimaki irin gidanka. Ruwan da ya rushe gidajen ƙasa, har da tsohon masallacin Birni a watan Satumba, ya sa kowa yana neman gini mai ƙwari a kan tudu. Amma ambaliyar nan ce kuma ta sa gwamnati ta rage kuɗin siminti a watan Oktoba na shekarar. In gini ya yi sauƙi, mai haƙuri zai sayi fili a bayan gari ya gina nasa yadda yake so, ba zai biya ka ko nawa ka yanka ba. Ƙanenka ya duba gefe ɗaya ne kawai.

Abin da ba ka faɗa mini ba shi ne inda kuɗin za su. In kana da wurin sa su, kamar bashi da ya hana ka barci, ko jarin da ka san kansa, ko wani gida da kuka riga kuka yi ciniki, ka ƙara jan Alhaji kaɗan ka sallama. In kuwa daɗin jin miliyan 14 ne kawai, bar gidanka ka zuba ƴan haya. Ka san garin nan: ranar da aka ji ka karɓi kuɗin gida, ranar za ka san yawan danginka. Wannan zai aurar da ɗiya, wancan yana son rance zuwa kaka, kafin ka farga babu gida babu kuɗi.

In ka yanke shawarar sayarwa, halin gidan ne zai zaɓa maka wata. Garinmu a kan dutse yake zaune, ruwanmu daga nesa ake jawo shi, Gogo Macaya da Arunguza da Ganaram, shi ya sa tambayar farko ta mai saye ita ce ko famfo yana kawowa. In naka yana kawowa, kai mutum ya gani a Afrilu ko Mayu, lokacin da maƙwabtan wasu unguwanni ke bin ƴan ga-ruwa. In rufinka ba ya yoyo kuma ruwa ba ya kwanciya a ƙofar gida, Agusta ne shaidarka. Bayan kaka kuma, in an sayar da wake da riɗi da gyaɗa, kuɗi sun fi yawo a hannun ƴan kasuwa. Lokacin da zan ce ka kauce masa shi ne dab da biyan kuɗin hajji, don masu sayarwa da gaggawa sukan yi yawa.

Dillali ɗaya, ko biyu in ya yi yawa. Gidan da ke bakin dillalai goma farashi goma gare shi, kowa ya ɗora nasa, mai saye ya ɗauka akwai wata a ƙasa. Ku yi maganar la'ada tun farko a gaban shaidu.

Tambaya: Mu tara ne muka gaji gidan mahaifinmu a Birni. Ba mu da wata takarda sai ta mai unguwa. Shida muna son a sayar tunda kasuwa ta yi kyau, uku sun ƙi.

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan Baba. Kasuwa ba ita ce matsalarku ba tukuna. Mai kuɗin da ya san ciwon kansa ba ya sayen gidan da magada uku ba su sa hannu ba, wanda zai yarda ya saya a haka kuwa da arha zai karɓe, don ya san rigima ya saya. Ku fara zama na iyali, a fitar da rabon kowa bisa shari'a, a naɗa wakilin magada, kotu ta tabbatar da shi. Sannan a mazhabar Malikiyya akwai haƙƙin shufu'a: in gida bai rabu ba, abokin tarayya shi ya fi cancanta ya sayi kason da za a sayar, a kan kuɗin da bare ya taya. Ku ba ukun nan wa'adi su biya ku. Sau da yawa ba kuɗin suke ƙi ba, ganin baƙo a zauren ubansu ne ba sa so. In sun kasa, ku je wurin notar, wato mai tabbatar da takardun ciniki a hukumance, a yi cinikin a rubuce. Ku kuma tambayi ma'aikatar kadastar mai rajistar filaye hanyar samun titir fonsiye, wato takardar mallaka ta gwamnati, domin gida mai cikakkiyar takarda ya fi daraja, banki ma yana karɓarsa jingina.

Tambaya: Naira ta faɗi. In na sayar da gidana a Sabon Gari na nan Damagaram, kuɗin za su saya mini wanda ya fi shi a Kano. In yi?

Amsa: In komawa Kano za ka yi da iyalinka, bismillah. In haya kake nufi, ka tuna da naira za a biya ka, kai kuma da sefa kake cefane. Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a kowane yuro ɗaya, naira kuwa ka ga abin da ta yi a 2023 da 2024. Ka ɗora kuɗin mota da na mai kula maka da gidan, ka kuma lissafa watannin da aka yi iyaka a rufe, mutum yana Damagaram dukiyarsa tana can ba halin leƙawa. Ka yi wannan lissafin a takarda kafin ka kira dillali.