Ido gululu ne? Amsar tambayoyinku kan gani, ji da hankali

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan makon, domin dukkansu a kan ido da kunne suke.

Tambaya: Malam, duk lokacin da na nemi abu na rasa alhali yana gabana, sai kakata ta ce "hankali ke gani, ido gululu ne." Mene ne gululu? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: 'Yata, Allah ya ƙara wa kakarki lafiya, ta riƙe miki kalmar da ke neman ɓacewa. Gululu shi ne ɗan dunƙulen yumɓun da ake sa wa mazari domin ya yi nauyi, ya riƙa juyawa da kyau idan ana kaɗi. Da kaɗi ya bar gidajenmu, sai sunan ya bi shi. Dubi siffarsa: mulmulalle, da ɗan rami a tsakiya, tamkar ƙwayar ido. Yana juyawa ko'ina, amma bai san abin da ke gabansa ba. Abin da karin maganar ke nufi ke nan, ido ba ya gane komai sai hankali ya raka shi.

Masana halayyar ɗan'adam sun gwada wannan magana ba tare da sun taɓa jin ta ba. A shekarar 1999, Daniel Simons da Christopher Chabris na Jami'ar Harvard ta Amurka sun nuna wa mutane wani gajeren bidiyo na 'yan wasa suna jefa wa juna ƙwallon kwando, wasu da fararen riguna, wasu da baƙaƙe. Aka ce a ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa ƙwallo. Ana cikin haka sai wani da ya yi shigar goggon biri ya ratsa tsakiyarsu ya wuce. Kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba.

Wanda ya fi girgiza ni shi ne na shekarar 2013 a birnin Boston. Trafton Drew da abokan aikinsa sun ba ƙwararrun likitoci 24 masu duba hoton cikin jiki wasu hotunan huhu, su nemo ƙananan ƙulle-ƙullen da kan nuna cutar daji. A cikin hotunan an saka ɗan hoton goggon biri, wanda ya ninka girman irin ƙullin da suke nema sau 48. Likitoci 20 ba su lura da shi ba. Na'urar da ke bin motsin ido ta nuna cewa yawancinsu idonsu ya sauka a kansa kai tsaye. Ba rashin iya aiki ba ne, hankalinsu ne ya ɗauru ga abu guda.

Wannan ɗaurin ma yana cikin kalmar. Masana harshe suna danganta "hankali" da "aƙal" na Larabci, wanda tushensa ɗaya da sunan igiyar da Larabawa ke dabaibaye raƙumi da ita.  Shi ya sa Bahaushe ya bambanta kallo, dubawa, gani da lura. Likitocin nan sun kalla, sun duba, lurar ce ta tafi wani wuri.

Tambaya: Malam, shin "gani ya kori ji" gaskiya ce a kowane hali? Ni na ga shaidu biyu sun ga abu ɗaya, kowa ya kawo labari daban. Daga wani magatakardan kotu a Katsina.

Amsa: Malam, asalin ma'anarta ita ce abin da ka gane wa idonka ya fi jita-jita da "an ce, ka ce." Amma a cikin ƙwaƙwalwa maganar ta fi haka zurfi. A shekarar 1976, Harry McGurk da John MacDonald na Jami'ar Surrey ta Ingila sun ɗora muryar da ke cewa "ba" a kan bidiyon leɓunan da ke furta "ga". Yawancin manyan da suka kalla sai suka ji "da". Idan mutum ya rufe ido, "ba" ta dawo kunnensa sarai. Ya buɗe, ta sake komawa "da", ko da ya riga ya san dabarar. Ina son wannan gwaji, don ba, ga da da duk kalmomi ne a Hausa, kuma a nan gani ya kori ji a zahiri.

Sai dai abin da ka lura da shi a kotu shi ma yana da hujja. A shekarar 1974, Elizabeth Loftus da John Palmer na Jami'ar Washington sun nuna wa ɗalibai fim na haɗarin mota, sannan suka tambaye su gudun da motocin ke yi. Waɗanda aka tambaya da kalma mai zafi, kwatankwacin "ragargaza," sun kiyasta sama da mil 40 a awa. Waɗanda aka ce wa "buga" sun tsaya a mil 34. A wani zagayen, bayan mako guda aka tambayi ɗalibai ko sun ga fasasshen gilashi. Cikin 50 da suka ji kalma mai zafin, 16 suka ce sun gani. Cikin 50 na ɗaya rukunin, 7 ne kawai. Babu gilashin da ya fashe a fim ɗin. Kalma ɗaya da ta shiga ta kunne ta gyara abin da ido ya ajiye. Don haka, Malam, idan za a tambayi shaida, a ce masa "me ka gani?" kafin a ce masa "ka ga sanda ya ragargaza shi?" Shaidan da ya saɓa da ɗan'uwansa ba lallai ne maƙaryaci ba.

Tambaya: Malam, yarana suna yi mini dariya idan na ce "na ji ƙanshi," wai da kunne ake ji. Kuskure ne? Daga wata Hajiya a zangon Kumasi.

Amsa: Hajiya, Hausarki ce daidai. "Ji" ta fi kunne faɗi. Muna jin ƙanshi da wari, muna jin gishiri a miya, muna jin sanyi da yunwa da tsoro, muna jin Larabci, muna kuma cewa yaro ba ya ji. Ayyukan suna da sunayensu daban: saurare, sansanawa, ɗanɗanawa, taɓawa. "Ji" kuwa ita ce isowar saƙon a cikin mutum, ta kowace ƙofa ya shigo. Ƙwaƙwalwa ma haɗa su take yi, shi ya sa mai mura yake cewa ba ya jin daɗin abinci, alhali harshensa lafiya lau, hancinsa ne ya toshe. Ki sa yaran su toshe hanci su kurɓi miyar da ta ji daddawa, sannan su saki, su gaya miki da wace kalma za su faɗi bambancin.