Hukuncin farautar talotalon daji a Kalifoniya da batun rage yawansa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin bayan birnin Sakramento ne a jihar Kalifoniya ta Amurka. A nan akwai talotalon daji da yawa, garke-garke suke shigowa har cikin unguwa, su tone shuka, su karce motoci. Wani abokin aikina Kirista ya gayyace ni farautarsu da bindiga a bazara mai zuwa. Shin zan iya cin wanda na harba ba tare da yanka ba? Wanda shi ya harba fa? Sannan maƙwabcina yana cewa tsuntsayen nan baƙi ne, kawo su aka yi, suna cinye abincin namun dajin ƙasar, saboda haka duk wanda ya kashe su ko ya fasa ƙwansu aikin alheri ya yi. Mene ne matsayin shari'a? Allah Ya ƙara wa Malam lafiya.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Naman talotalo halal ne. Dangin kaza ne da zabo, ba ya cikin tsuntsaye masu farauta da ƙumba, kuma Bukhari ya ruwaito daga Abu Musal Ash'ari cewa ya ga Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yana cin naman kaza. Farauta ma halal ce ga wanda ba ya cikin harami, da dalilin aya ta 2 da ta 4 na Suratul Ma'ida. Amma ka tuna abin da muka karanta a Risala tun muna yara: farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba ta wasa ba ita ce halal. Ka fita da niyyar nama, ka ci, ka ba iyali, ka ba maƙwabta. Wanda burinsa gemun tsuntsun da gashin jelarsa don ya rataye a ɗaki, ya bar nama ya lalace, ya shiga gargaɗin hadisin da Nasa'i ya kawo, cewa wanda ya kashe ko ɗan tsuntsu ne ba da haƙƙinsa ba Allah zai tambaye shi.

Kafin maganar bindiga akwai wata tambaya da ta riga ta: wannan tsuntsu na daji ne ko na gida? A mazhabar Malikiyya dabbar gida ba ta halatta da harbi ko da ta gudu ta shiga daji, sai an yanka ta. Sauran mazhabobi uku sun sauƙaƙa, suna kafa hujja da hadisin Rafi'u bin Khadij game da raƙumin da ya tsere aka harbe shi da kibiya. Mu a gida mun san bambancin zabon daji da zabon gida, kuma nan ma haka abin yake. Talotalon da ke dazukan Kalifoniya asalinsa na daji ne. An daɗe ana sakin waɗanda aka ƙyanƙyashe a gona ba su ɗore ba, sai daga 1959 hukumar kula da namun daji ta jihar ta fara kawo waɗanda aka kama a daji, akasarinsu daga Teksas, ta ci gaba da sakinsu har zuwa 1999. Jikokinsu ne kake gani. Saboda haka hukuncin naman daji ne a kansu. Sai dai Shehu Halil ya sa sharaɗi a Muhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, cewa dabbar ta kasance ba a iya kama ta sai da wahala. Talotalon da ya saba da mutane har yana cin hatsi a bakin ƙofa, ko wanda ya faɗa raga yana hannunka, ba a halatta shi da harbi, yanka ne hukuncinsa.

Bindiga kuwa, malaman farko ba su san ta ba, na baya suka yi saɓani a kanta. Waɗanda suka hana sun kwatanta harsashi da dunƙulen yumɓu da ake harbawa, wanda ke kashewa da nauyinsa. Waɗanda suka halatta sun dubi hadisin Adiyyu bin Hatim da ke Bukhari da Muslim, inda Annabi ya ce masa game da sandar jifa: idan ta huda ka ci, idan ta buge da faɗinta kada ka ci. Harsashi hudawa yake yi, ya zubar da jini fiye da kibiya. Da wannan Shehu Abdulƙadir al-Fasi na birnin Fas ya yi fatawa, Dardir ma ya ambaci halaccin a sharhinsa na Muhtasar, kuma shi nake ba ka.

Ga yadda za ka yi. Ka ƙudurta niyyar halatta tsuntsun da kake nufi, ka ce Bismillahi lokacin da za ka ja kunamar bindiga, ba bayan ya faɗi ba. In ka manta, ana ci. In ka bari da gangan, ba a ci. Da ya faɗi ka nufe shi ba tare da jinkiri ba, wuƙarka mai kaifi tana jikinka, ba a cikin mota ba, ba a jakar abokinka ba. In ka tarar ya mutu, halal ne. In harsashi ya riga ya fasa ƙwaƙwalwa ko ya tsinke lakar wuya, harbin ya wadatar, yanka a nan mustahabbi ne don ka hutar da shi. In kuwa yana da cikakken rai, fiffike kawai ko ƙafa ka karya, to wajibi ne ka yanka. In ya mutu kana neman wuƙa saboda sakacinka, ya zama mushe. Ina jan kunnenka a nan ƙwarai, domin al'adar maharban can ce su taka wuyan tsuntsun da takalmi ko su murɗe shi idan yana shure-shure. Kada ka yi, kada ka bari a yi wa naka. Wanda aka shaƙe da wanda aka buge har ya mutu suna cikin abubuwan da aya ta 3 ta Ma'ida ta haramta da suna. Kuma kada ka harba daga nesan da ka san raunatawa kawai za ka yi, tsuntsu ya tsere ya mutu a hankali cikin ciyawa. Hadisin Shaddad bin Aus a Muslim ya ce Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a kisa.

Abin da abokinka ya harba: mashhurin mazhabar Malik shi ne ana cin yankan ma'abota littafi amma ba a cin abin da suka kashe da harbi. Ashhab da Ibn Wahb cikin almajiransa sun halatta, haka ma jumhurun malamai. In ka bi jumhuru ba ka yi laifi ba, matuƙar harsashin ne ya kashe, ba takun takalmi ba. Abin da ya fi kwanciyar rai shi ne ka ci naka, ko kuwa in nasa ya faɗi da rai kai ka yanka masa. Ka faɗa masa haka tun kafin ku fita, cikin mutunci.

Dokar farauta ta jihar tana kanka a addinance, ba don tsoron tara kaɗai ba. Lasisi alkawari ne ka ɗauka, Suratul Ma'ida kuma da umarnin cika alkawari ta buɗe. Shugaba ya taƙaita halal don maslahar jama'a abu ne mai asali: Annabi ya killace filin kiwo na Naƙi'u, Umar ya killace na Rabaza. Lokacin bazara a can yana buɗewa ne Asabar ta ƙarshen watan Maris, mai gemu kawai ake harbi, ɗaya a rana, uku a dukan lokacin, saboda matan suna kwance kan ƙwai kusan kwana 28. Tun Yulin 2019 jihar ta hana farauta da harsashin darma, domin gubarsa na kashe wata babbar ungulu ta yankin da ta kusa ƙarewa. Ka duba littafin dokar shekarar kafin ka fita. Irin waɗannan ƙa'idoji ne suka ceci tsuntsun nan. A farkon ƙarni na 20 harbi ba iyaka da sare daji sun kusa share shi daga Amurka. Dokar 1937 da ta ware kuɗin harajin bindigogi da harsasai don raya namun daji, da kama tsuntsayen ana kai su sababbin wurare, su suka dawo da shi, har yau ana samunsa a kowace jiha ban da Alaska.

Yanzu maganar maƙwabcinka, wadda ta fi damuna cikin tambayarka. Ya yi gaskiya cewa kawo su aka yi. Wani nau'in talotalo ya taɓa zama a yankin, an tono ƙasusuwansa a Los Anjeles, amma ya ƙare tun dubban shekaru. Haka kuma damuwar masana ba ta banza ba ce: tsuntsu ne babba mai cin komai, tsaba da ƙwari da ƙananan ƙadangaru da 'ya'yan itacen da Larabawa ke kira balluɗ, wanda barewa da wasu tsuntsaye ke dogara da shi. Sai dai baƙunci shi kaɗai ba ya halatta jinin dabba. Allah Ya ce a Suratul An'am, aya ta 38, dabbobi da tsuntsaye al'ummu ne kamarmu. Talotalo bai kawo kansa ba, mutane suka ɗauko shi a akwati. Abin da ke halatta rage shi shi ne cuta tabbatacciya, bisa ƙa'idar nan ta "ba cuta, ba cutarwa", kuma ana kawar da cuta gwargwadonta ne. Tabbatar da ita aikin masana ne, ba na wanda aka karce wa mota ba. Talotalo da rana yake yawo, kowa na ganinsa a gonar inabi, masu ɓarnar dare kuwa ba mai ganinsu, sai a ɗora masa laifin kowa.

Inda cuta ta tabbata, ragewa ta halatta, wani lokaci ma ta wajaba. Dubi tsibirin Santa Kuruz da ke gaɓar jiharku. Aladu da aka kai can sun janyo gaggafa, gaggafar kuma ta koma cin wata 'yar yanyawa ta tsibirin har ta kusa ƙarar da ita. Da aka kawar da aladun wajen 2005 da 2006, sai talotalon da aka kai tsibirin ya fara yaɗuwa, masu kula da wurin suka ji tsoron ya zama sabon abincin da zai zaunar da gaggafa, suka cire shi. Wannan ban ga laifinsa ba: wuri ƙayyadadde, dalili sananne, hukuma ce ta yi, kuma don ceton wata al'umma daga ƙarewa baki ɗaya. Sharaɗin da zan ƙara shi ne a zaɓi hanya mafi sauƙin mutuwa, kuma kada a zubar da naman da za a iya ci.

Amma mutum ya bi sheƙa yana fasa ƙwai, ko ya zuba guba a hatsi, wannan haramun ne. Guba ba ta tantance mai ci, za ta kashe tsuntsayen ƙasar da ake cewa ana karewa, ta kashe karen maƙwabci, tana iya kaiwa ga yaro. Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa sahabbai sun ɗauke 'yan tsakin wata tsuntsuwa a tafiya, ta zo tana kaɗa fikafikai, Annabi ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Harbi cikin unguwa kuma sa rayukan mutane cikin haɗari ne, doka ma ta hana.

Abin da ke hannunku ku mazauna unguwa shi ne ku daina ciyar da su. Na san wasu 'yan'uwa na watsa musu hatsi da niyyar sadaka, Allah Ya ba su ladan niyya, amma hatsin ne ke tara su, ya cire musu tsoron mutum, har a wayi gari an kira a kashe su. Ku kwashe abincin da ke zube a tsakar gida, ku kore su da ruwa ko buɗe laima. In ɓarna ta ci gaba, jihar tana ba mai dukiya izini na musamman kan talotalon da ke yi masa ɓarna, sai maƙwabcinka ya nemi wannan izini a ofishin hukumar.

Wallahu a'alam.